Robar Tenergy 05: ta dace da mai son buga irin wasan Omar Assar?

Wanda ya zauna ya kalli Omar Assar na Masar yana buga ƙwallon tebur zai lura ba ya manne wa tebur. Dogo ne ƙwarai, hannunsa na kaiwa nesa, don haka yakan ja baya taki ɗaya ko biyu, ya murza ƙwallon da ƙarfi ta tashi ta yi baka sannan ta nutse a can ƙarshen teburin abokin karawa. Gaban hannu da bayan hannu duk yana kai hari da su. Da wannan salon ne ɗan garin Desouk ɗin, haifaffen 1991, ya kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, inda Ma Long na China ya tsayar da shi. Ya sake kaiwa wannan mataki a Paris a 2024, ya faɗi a hannun Truls Möregårdh na Suwidin. Ya taɓa buga wa Borussia Düsseldorf a gasar ƙungiyoyin Jamus, kuma 'yan Najeriya sun san shi sarai saboda doguwar hamayyarsa da Aruna Quadri, wanda ya doke a wasan ƙarshe na gasar wasannin Afirka a Accra a watan Maris na 2024.

Irin wannan wasa na murzawa daga nesa kaɗan da tebur yana buƙatar a manna wa bat, wato abin buga ƙwallon, roba mai kama ƙwallo, mai kuma cilla ta da kanta. A duk shagon kayan wasa da aka nemi irin wannan roba, sunan da ake fara ambata shi ne Tenergy 05 ta kamfanin Butterfly na Japan. Ra'ayinmu a kanta: roba ce ta ƙwarai, amma ba ta rufa wa mai ita asiri. Hannun da ya nuna takan ƙara masa, wanda bai nuna ba kuwa tona shi take yi.

Ta fito kasuwa a 2008, shekarar da hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta haramta gam mai tururi da 'yan wasa ke shafa wa roba dab da wasa don ta kumbura ta ƙara gudu. Da aka hana wannan, sai aka koma neman robar da ke da wannan tsalle a jikinta tun daga masana'anta, kuma Tenergy ce ta cike gurbin. Hawa biyu gare ta. Na sama shi ne fatar da ke taɓa ƙwallo, ƙurajenta na fuskantar ciki, kuma lamba 05 ɗin sunan tsarin waɗannan ƙuraje ne. Na ƙasa soso ne mai launin lemo, mai manyan ƙofofi, taurinsa 36 a ma'aunin Butterfly. Kar a gwada wannan lamba da ta robobin Jamus ko na China, kowa da ma'auninsa. Ana sayar da ita a kauri uku, milimita 1.7 da 1.9 da 2.1. Doka ta ƙayyade kaurin soso da fata gaba ɗaya a wajen milimita 4, shi ya sa 2.1 ne ƙarshenta.

Inda ta fi ƙarfi shi ne ɗauko ƙwallon da aka yanko. Idan abokin karawa ya turo doguwar yanka, wadda ke son nutsewa cikin raga, Tenergy 05 na ɗaga ta cikin sauƙi saboda kusurwar da take cilla ƙwallo tana da tsawo. Ba sai an buɗe fuskar bat sosai ba, goga ta sama kawai ake yi a bar soso ya ƙarasa aikin. Haka kuma idan wasa ya zama na musayar murzawa, kowa ya ja baya mita ɗaya da rabi ko biyu, bakan da take yi yana ba ƙwallo sararin tsallake ragar nan mai tsayin santimita 15.25 ta kuma sauka a ciki. Nan ne ainihin filin Assar, nan ne kuma robar ke biyan kuɗinta. A sabis ma, wato bugun fara wasa, tana bayar da juyi mai kyau, muddin ana goga ƙwallon da sirara. Da zarar an buga ta da kauri, soso zai shiga maganar, sabis ya yi tsawo, a kashe shi.

Matsalarta na fitowa ne daga wannan alherin nata. Robar da ke kama ƙwallo sosai don ta ba da juyi, haka take karɓar juyin wani. Wanda bai iya karanta sabis ba zai ga ƙwallo na tsallewa gefe ko sama kamar ba shi ya taɓa ta ba. Gajeren turi kusa da raga ma sai da hannu mai laushi, domin ko ɗan matse mariƙi aka yi ƙwallon za ta tashi. A tarewa kuma, idan bugun da ya zo na da nauyin murzawa, dole a rufe fuskar bat fiye da yadda aka saba, in ba haka ba ƙwallon waje za ta yi. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan katakon bat, su je su sayi wani, alhali matsalar a kusurwar hannu take. Bugun fili marar juyi kuwa ba aikinta ba ne. Mai irin wannan wasa ya fi dacewa da Tenergy 64, ko 80 da ke tsakanin su biyun.

Maganar katakon da za a manna ta a kai ba ƙarama ba ce. Sanannen haɗi shi ne da Viscaria, mai falle biyar na itace da biyu na zaren arilet da kabon. Haɗi ne mai kyau a hannun wanda ya shekara biyar ko fiye yana horo, amma ga mai tasowa gudun ya yi yawa. Katakon itace zalla mai falle biyar ya fi, a sa masa 1.9 maimakon 2.1. A kula da nauyi kuma: kowace roba idan an yanke ta a kan katako madaidaici tana kusan giram 47, biyu ke nan sun haura 90, a haɗa da katako mai giram 85 zuwa 90, bat ya tasam ma 180. Ga ƙato irin Assar wannan ba komai ba ne. Ga yaro ɗan shekara 12, wuyan hannu ne zai gaji, bugun bayan hannu ya lalace.

Wajen mannawa ake yawan ɓata ta, kuma abin takaici ne a ga robar wannan kuɗi ta mutu tun ba a buga da ita ba. Gam mai ruwa kaɗai ake sa mata, irin Free Chack na kamfanin ko makamancinsa. Sholishon masu faci haramun ne a gasa, kuma yana sa soso ya kumbura ya nannaɗe. Idan katakon sabo ne, a fara shafa masa banish, man kare katako, sirara sau ɗaya a bari ya bushe, don kada ranar cire roba ta taso da zaren itacen. Sai a ɗiga gam kamar faɗin kwabo a kan soso, a baje shi da ɗan guntun soso mai tsabta har gefe-gefe, a jira ya tashi daga fari ya koma garai-garai, abin da kan ɗauki minti 10 zuwa 20 gwargwadon iska. Sosonta na shan gam, saboda haka a yi masa hawa biyu, katako hawa ɗaya. A daidaita gindin robar, wajen da rubutu da tambarin ITTF suke, da bakin mariƙi, a kwantar da ita daga ƙasa zuwa sama ana bi da abin murji a hankali. Kar a danne da ƙarfi, domin hakan na miƙe ta, kuma ranar da aka cire za ta tsuke ta kasa rufe katakon. A yanka da sabuwar reza a jan hannu ɗaya, don reza mai dakushi marmashe sosonta take yi. Tef na gefe mai faɗin milimita 10 ko 12 ya zama dole, gefenta ba ya jure dukan tebur. Gefe ɗaya na bat dole ya zama baƙi, ɗayan ja, ko ɗaya daga cikin launukan da aka ƙara halattawa tun Oktoban 2021.

Sai batun ƙarko, wanda a nan ne ba mu gamsu da ita ba. A shagunan Turai da Amurka falle ɗaya kan kai dala 70 ko fiye, kuma biyu ake buƙata. Mai buga wasa sau uku a mako zai fara jin kamun ya ragu cikin wata uku zuwa huɗu. Alamar ita ce tsakiyar fatar ya dushe, inuwar ƙuraje ta fara bayyana, ƙwallon da da ake ɗagawa ta koma faɗawa raga. Zafi na gaggauta wannan, kuma a nan mai wasa a Alƙahira da mai wasa a Kano ko Damagaram matsalarsu ɗaya: bat ɗin da aka bari cikin mota da rana ba ya komawa yadda yake. Ƙurar hunturu na rufe fatar, ƙwallo ta riƙa zamewa, haka ma laimar damina a ɗakin da ba iska. Bayan kowane wasa a goge ta da soso mai ɗan danshin ruwa, a bari ta sha iska, a rufe da ledar kariya mai ɗan danƙo, domin fatar ba ta da danƙon da zai riƙe leda da kanta. Ban da sabulu, ban da fetur.

Jabu kuma ya cika kasuwa. Bat ɗin da aka riga aka haɗa, aka rubuta Tenergy a jikinsa, ana sayar da shi ƙasa da kuɗin falle ɗaya na gaske, ba sai an tambaya ba. Ta gaske a kwalinta take zuwa falle guda mai kusurwa huɗu, ƙofofin sosonta na ganuwa da ido, kuma daga dillalin da kamfanin ya amince da shi ya kamata a saya.

Wanda bai kai shekara biyu yana horo ba, Rozena ta wannan kamfani ta fi masa: taurinta 35, ba ta karɓar juyin abokin karawa kamar Tenergy, kuɗinta ma ya fi sauƙi. Wanda 05 ta yi wa tauri a bayan hannu yana iya gwada 05 FX mai tauri 32. Ƙwararren da ke ganin ta yi masa laushi da ƙwallon filastik da aka koma amfani da ita tun 2014, akwai Dignics 05 mai tauri 40 da ta fito a 2019, fatarta ta fi jimawa, sai dai sai an buge ta da ƙarfin ƙugu da ƙafa kafin sosonta ya buɗe.