Tsuguno ko harɗe ƙafa: wanne ya fi tare jiri?

Hajiya, kin ce da kin miƙe daga tabarma sai idonki ya yi duhu, lokotoro kuma ya auna ya ce tansiyonki, wato ƙarfin gudun jini a jijiya, na sauka in kin tashi. Wasu sun ce miki ki tsuguna, wasu sun ce ki harɗe ƙafa, kina tambayar wanne ya fi.

Aikinsu ɗaya: maido jini zuwa zuciya. In mutum ya miƙe, jini kamar rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. In jiki bai yi saurin maido shi ba, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. A irin lissafinmu na nan, tansiyon mai irin wannan jiri kan sauka, misali daga 12 zuwa 10, cikin minti 3 da tashi.

Tsuguno ya fi ƙarfi, babu tantama. Cinya da sharaɓa suna matse jijiyoyi, jini ya koma zuciya nan take, kuma ko faɗuwar ta zo, kina dab da ƙasa. Matsalarsa wajen tashi take: in kika zabura, jinin ya sake zubowa, jirin ya dawo, wani lokaci ma fiye da na farko. Ga ciwon gwiwa, wanda ya hana iyayenmu da yawa.

Harɗe ƙafa bai kai shi ba, amma ni shi na fi so miki. Kina tsaye, ki ɗora ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ki ɗaure cinya da ɗuwawu da ciki kamar daƙiƙa 30, kina numfashi yadda kika saba. A layin famfo ko a Kasuwar Dole za ki yi shi cikin zane ba wanda ya sani. Sai dai ki dafa bango ko icce, don tsayuwar ba ta da kafuwa.

Saboda haka da kin miƙe, harɗe tun jirin bai zo ba. In duhu ya riga ya sauko, kunne na shuu, ki bar kunya ki tsuguna, sannan ki zauna. Haka ma ɗagowa daga sujada: a hankali, in ya ƙi ki yi sallarki a zaune.

A zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, ki sha ruwa rabin lita kafin ki fita. Don Allah kada ki ƙara gishiri ko ki bar maganin hawan jini da kanki. In kin taɓa suma, ko ƙirji na ciwo, ki koma wurin lokotoro da duk ƙwayoyin da kike sha.