Wa Za Ka Danƙa wa Injin Tsohuwar Motarka ta Gudu?

Na taɓa karɓo inji daga wani gareji yana sheƙi kamar ba a taɓa tayar da shi ba. An goge murafen kamshaf har kana ganin fuskarka, an yi wa bulok, wato gangar jikin injin, sabon fenti, kowane noti na ƙyalli. Bai cika wata biyu a kan hanya ba, allurar baƙin mai ta fara faɗuwa da zarar ya yi zafi, sannan ga wata 'yar ƙara daga ƙasa, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a jikin tukunya. Injin Jaguar ne mai silinda shida, irin wanda ake kira XK, wanda kamfanin ya fara sa wa mota a 1948 kuma shi ne a cikin E-Type da ta fito a 1961. Da wani dattijon bakanike ya sake buɗe shi, bai tsaya dogon bincike ba. Karanshaf ya ɗora a tebur, ya kwance wani toshe mai zare a gefensa, ya zura sukurdireba, ya zaro wani baƙin abu mai kauri kamar kwalta. Karanshaf ɗin XK yana da kogo a cikin kowane hannu, inda dattin mai ke taruwa shekara da shekaru, kuma duk wanda ya san injin ya san sai an cire waɗannan toshe-toshen an wanke ciki. Garejin farko ya yanka karanshaf, ya sa sabon metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya bar dattin yana nan. Sabon mai ya kwance shi, ya kai shi kan metal ɗin.

Ba mugunta suka yi mini ba. Ba su san injin ba ne kawai, ni kuma ban san tambayar da zan yi ba.

Wuraren da za ka iya kai irin wannan aiki ba su wuce biyar ko shida ba, kuma na farko da ke zuwa zuciya shi ne bakaniken da ka saba da shi, mai yi maka sabis da birki. Kun san juna, ba ya cutarka, kuɗin aikinsa da sauƙi. Idan injin naka mai sauƙin kai ne, kamar na motar MGB mai lita 1.8 da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, bulok da tof (kan injin da ke rufe silinda) duk na baƙin ƙarfe, kayansa kuma ana samu ba wahala, bakanike mai natsuwa zai iya ɗaure shi lafiya. Amma ka sani shi ba ya yankan ƙarfe. Faɗaɗa silinda, yankan karanshaf, daidaita fuskar tof, duk wani wuri zai aika. Saboda haka ainihin wanda kake zaɓa shi ne wancan mai injinan yanka da ba ka taɓa gani ba. Ka tambayi sunansa, ka je da ƙafarka. Kuma yawancin aikin gareji a yau na motocin zamani ne masu kwamfuta. Karen bana ya san zomon bana, amma naka zomon na shekaru hamsin da suka wuce ne, mai kafireta biyu ko uku da sai an daidaita numfashinsu ɗaya bayan ɗaya.

Za ka iya tsallake bakanike ka tafi kai tsaye wurin masu yankan ƙarfen. Nan ne aikin gaske yake, domin ran inji yana cikin tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Tsakanin karanshaf da metal ana neman abin da bai fi kusan milimita 0.05 ba, ya matse, inji ya kama, ya yi sako-sako, mai ya zube. Mai yanka nagari zai auna kowace silinda sama da tsakiya da ƙasa, ya gaya maka ko gogewa ta isa ko sai an faɗaɗa ta da milimita 0.5 a sa fistin mai girma. Zai gwada bulok da karanshaf ko akwai tsagewar da ido ba ya gani, da maganaɗisu idan ƙarfe ne, da wani ruwa mai launi idan alminiyam ne, tunda maganaɗisu ba ya kama shi. Rauninsa shi ne aikinsa iri-iri ne: yau injin tarakta, gobe na babbar mota. Ga misalin da ya sa masu tsohuwar Corvette, motar Chevrolet, kuka. Lambar injin Chevrolet V8 an buga ta ne a wani ɗan fili da ke kan fuskar bulok, gaban tof. Mai yanka ya ɗora bulok a kan na'ura don ya daidaita fuskar, wucewa ɗaya, lamba ta tafi. A wurinsa ya yi aiki mai kyau. A wurinka kuwa, shaidar cewa wannan ne injin da motar ta fito da shi daga masana'anta ta ɓace, kuma a kasuwar tsofaffin motoci wannan shaidar kuɗi ce mai yawa.

Shi ya sa zuciyata ta fi kwanciya da na uku, wato wanda ya keɓe kansa ga iri ɗaya ko biyu. Kowane tsohon inji yana da ciwonsa na gado, kuma wannan mutumin ya gan shi sau ɗari. Ka kai masa Porsche 911 mai lita 2.7 ta tsakiyar shekarun 1970, kafin ka gama gaisuwa zai yi maka maganar kusoshin da ke riƙe tof. Gidan karanshaf na waɗannan shekarun da magnesiyam aka yi shi, yana da laushi, zafi kan sa kusoshin su tumɓuke zarensu, don haka sai an dasa musu sabon zare na ƙarfe, a kuma duba ko gidan ya karkace. Ka kai masa 911 SC ta 1978 zuwa 1983, sai ya ce wannan gidanta alminiyam ne mai ƙarfi, amma kusoshin ne da kansu ke karyewa. Mai Triumph TR6 zai ji maganar wasu siraran zobba da ke hana karanshaf kai-komo gaba da baya, waɗanda idan suka cinye sukan faɗa cikin kwanon mai, karanshaf ya soma cin bulok. Mai Stag kuwa, V8 ɗin da Triumph ta fitar a 1970, hirar ɗaukar zafin inji da sarƙar taimin za a yi da shi. Wannan ilimi ba duka yake cikin littafin masana'anta ba, domin littafin an rubuta shi ne lokacin da injin yake sabo.

Abin da za ka biya a madadin wannan sani shi ne jira. Ƙwararre na gaske yana da layi, wani lokaci watanni da yawa kafin ma ya taɓa injinka. Kuma sau tari mutum ɗaya ne da yaro ɗaya. Ya kwanta ciwo, aiki ya tsaya. Wasunsu kuma suna da taurin kai, abin da suka saba shi ne daidai. Duk da haka, wanda ya ce maka kawo gobe a fara, alhali yana ikirarin shi gwani ne, ya kamata ka tambayi kanka me ya sa teburinsa ba kowa.

Akwai manyan gidajen gyara masu karɓar mota ɗungurungum, fenti da kujeru da inji. Suna da ofis mai sanyi, suna turo hotuna, takardunsu tsaf. Idan motar gaba ɗaya za a sabunta, suna da amfani. Idan inji kaɗai ne, sau da yawa su ma ƙwararren can za su aika wa, su ɗora nasu a kai.

Masu haɗa injin tsere kuma, a yi hattara. Gwanaye ne, ba shakka, amma tunaninsu na wanda zai sake buɗe inji bayan 'yan tsere kaɗan ne. Kamshaf mai zafi da matsi mai yawa suna da daɗi a filin gudu. A cunkoson gari kuwa mota sai ta riƙa rawar ɗari tana mutuwa a danja. Sai in tseren za ka yi. Musanye ma hanya ce: ka ba da naka, a ba ka wani da aka riga aka ɗaure. Yana da sauri, farashinsa a yanke yake, amma injin asali ya bar hannunka ke nan. Ga motar da aka ƙera da yawa kuma hawa kawai kake so, ba laifi. Ga wadda lambarta ke da daraja, kada ka soma.

Ko wane ka karkata gare shi, ziyara ɗaya za ta gaya maka abin da waya ba za ta faɗa ba. Kada ka kalli motocin da ke ƙofa, ka nemi ganin inda ake ɗaure inji. Wuri ne daban, nesa da inda ake goge ƙarfe? Ƙurar dutsen wasa kaɗan ta isa ta kashe sabon metal. Injinan da aka kwance, kowanne kayansa a kwandonsa da suna, ko fistin wannan na haɗe da na wancan? Sannan ka ce a nuna maka takardar awo ta wani aiki da aka gama. Wanda yake aunawa yana rubutawa: faɗin kowace silinda, tazarar kowane metal, giɓin bakin kowane ringi. Idan aka ce maka "ai hannu ya saba", ka yi godiya ka kama hanya.

Ka jefa wa mai aikin tambayoyi biyu ka saurara. Ta farko kan fetur: waɗannan injina an yi su ne lokacin da fetur ke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul. Amurka ta hana ta a motocin hanya a 1996, Ingila a 2000, ƙasar ƙarshe kuma, Aljeriya, ta daina a 2021. Tof ɗin baƙin ƙarfe yana son a dasa masa mazauni mai tauri a bawul ɗin hayaƙi. Na alminiyam da ma da dasashen mazauni yake zuwa, sai a duba ko wane iri ne. Ta biyu kan tashin farko. Tsofaffin kamshaf da yawa suna gugar tafet, ƙarfen da ke tura bawul, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, kuma man zamani an rage masa sinadarin zinki da ke kare wannan guga. Masanin abin zai ce da man musamman zai tayar, ya riƙe injin a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a kowane minti, na tsawon minti ashirin ko talatin, ba zai bar shi yana silo ba. Wanda ya kasa amsa waɗannan, sabon kamshaf ɗinka zai iya cinyewa tun a rana ta farko.

Maganar kuɗi kuwa, duk wanda ya yanke maka farashi na ƙarshe kafin ya buɗe inji, cinikin biri a sama kuke yi. Ko dai ya cika kuɗin don ya rufe kansa, ko kuma zai dawo da "mun tarar da wata matsala" kowane mako. Tsarin da ya fi shi ne kashi biyu: a biya kuɗin kwancewa da wanki da awo, a zauna a kan sakamakon, sannan a rubuta abin da za a canza da abin da za a bari, da sunan kamfanin kowane kaya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin kayan kwaikwayo na tsofaffin motoci sun cika kasuwa, wani ma tsohon da ka cire ya fi shi. In kun saɓa a nan, kana iya kwashe kayanka ka tafi ba tare da an yanka komai ba. A rubuta garanti, wata nawa ko kilomita nawa, da wanda zai biya kuɗin sake saukewa. A kuma fayyace ko aikin ya haɗa da kafireta, distiributa, famfon ruwa da lagireto, don tsohon lagireto da ya toshe zai dafa sabon inji, gareji kuma ya ce ba ruwansa.

Karo na biyu da na karɓi injin Jaguar ɗin, bai yi ƙyallin farko ba. Dattijon ya tayar da shi a kan na'urar gwaji kafin ya shiga mota, ya nuna mini allurar mai tsaye cak bayan ya ɗauki zafi, ya miƙo mini takardu uku cike da lambobi da rubutun hannunsa. A gefe kuma ga kwali: tsofaffin metal, ringi, sarƙar taimin, da wani ƙaramin gwangwani da ya tara baƙin dattin karanshaf a ciki. Ya ce in dawo bayan kilomita 800 a canza mai, a sake ɗaure kusoshin tof, a duba bawul.