Canon 700D na hannu da lensin 50mm: ko sun ishi mai koyon hoto a Bauchi?

Yawancin masu fara ɗaukar hoto suna zuba kuɗinsu duka a kan jikin kyamara, sai su dawo ba su da abin sayen batir na biyu. Haɗin da ake dubawa a nan shi ne Canon EOS 700D na hannu, lensin EF 50mm f/1.8 STM, da filasha Godox TT600. Ga mai ɗaukar bikin suna, kamu, walima ko hawan Sallah, wannan haɗi ya fi sabuwar kyamara da aka saya tsura babu komai a tare da ita.

700D ta fito a 2013. Megafiksel 18 gare ta, tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa, allonta yana juyawa kuma ana taɓa shi kamar na waya. Tsohuwa ce, kuma tsufanta yana bayyana da dare: daga ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 1600 zuwa sama hoto yakan fara yin tsaki-tsaki, musamman a inuwar fuska. Da rana kuwa babu abin da za a ce mata. Kafin ka biya, a duba maka yawan bugun shata, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, a kwamfuta. Irin waɗannan kyamarori ana ƙiyasta musu kusan bugu 100,000, don haka wadda ta sha aikin biki shekara da shekaru ba ta cancanci kuɗin mai ƙarancin bugu ba. Sannan ka sa f/16 (lambar f ita ce girman buɗewar lensi: idan ta ƙaru, buɗewar ta ragu), ka ɗauki sararin sama, ka buɗa hoton sosai. Ɗigo-ɗigo baƙi ƙura ce a kan sensa, farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, ana iya share ta. Layi ko karce kuwa, ka ajiye musu kayansu.

Za a iya nuna maka Canon 2000D ko 4000D a ce sun fi sabunta. Haka ne, amma ka leƙa mazaunin filasha da ke saman kyamarar. Da yawa daga cikinsu an ƙera su babu babban ƙarfen nan na tsakiya, kuma idan babu shi, filasha irin TT600 ba za ta haska ba ko da ta zauna daram. A 700D wannan matsala ba ta taso ba.

Lensin 50mm shi ne zuciyar haɗin. Nauyinsa gram 160 ne kawai, gindinsa ƙarfe ne, ba kamar tsohon samfurin mai lamba II ba wanda gindinsa roba ne kuma yana ƙara idan yana neman saiti, wato wurin da hoto zai fito garau. Buɗewarsa ta f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki goma na abin da lensin 18-55mm, wanda ke zuwa da kyamarar, ke shigarwa idan an zuƙo shi ƙarshe, shi ya sa yake aiki a zaure ko bayan la'asar sakaliya, ya fito da fuska tas, bayanta ya narke. Amma a nan masu koyo ke faɗuwa. Idan mutum yana nisan mita biyu kuma kana kan f/1.8, abin da zai fito garau bai wuce kaurin santimita 11 ba. Amarya za ta fito, ƙawar da ke bayanta kaɗan ta dushe. Mutum ɗaya, ka tsaya a f/2.2 zuwa f/2.8 ka sa saitin a kan ido. Mutum uku zuwa sama, ka koma f/5.6. Lensin ba shi da na'urar hana rawar hannu, don haka kada saurin shata ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa.

Babban aibinsa shi ne matsi. A kan 700D yana gani kamar 80mm, wato a ɗakin amarya sai bayanka ya bugi bango ba ka haɗa mutum huɗu ba. Kada ka sayar da 18-55mm ɗin da ya zo da kyamarar. Shi ne na cikin ɗaki da na taron dangi. Haka kuma ba zai kai maka dawaki daga nesa ba a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, balle giwa a Yankari. Wannan aikin EF-S 55-250mm IS STM ne, kuma zai iya jira sai aljihu ya farfaɗo.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman: baƙar fata cikin farar shadda. Kyamara tana ganin farin ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskar ango ta dawo duhu. Ka ƙara mata haske da +2/3 ko +1, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin a iya ceto aikin zaren da ke wuyan riga idan ya ƙone.

TT600 ba ta lissafa haske da kanta, kai ne za ka zaɓi ƙarfi daga 1/1 zuwa 1/128. Wasu na ganin wannan naƙasu ne, amma ga mai koyo makaranta ce. A falo mai farin silin, fara da shata 1/125, f/4, ISO 800, filasha a 1/8, ka ɗaga kanta sama hasken ya daki silin ya sauko. Idan silin mai launi ne, launin zai bi fuskokin mutane; idan a ƙarƙashin kanofi ne mai ja ko shuɗi, gara ka sa mata farar hular da ke tausasa haske ka nufi mutanen. Kada shata ta wuce 1/200, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton. Batir AA huɗu take ci. Na kanti masu araha ba sa kai rabin dina. A nemi masu caji irin Eneloop, saiti biyu.

Batirin kyamarar LP-E8 ne, yana ba da hoto wajen 440 idan lafiyayye ne, na hannu kuwa ba ya kaiwa. Da yanayin wutarmu, biyu ne mafi ƙaranci, da caja mai shiga USB wadda za ta sha daga fawa bank. Memori kuma, 32GB biyu sun fi 64GB ɗaya, domin idan guda ya lalace ba duk bikin ya tafi ba. Na jabu sun yi yawa: a jiki an rubuta babban lamba, a ciki ɗan wuri ne, sai hotuna su riƙa ɓacewa bayan ya cika. A gwada shi da manhajar H2testw kafin a kai shi aiki, kuma a riƙa goge shi a cikin kyamara, ba a waya ba.

Sai ƙurar hunturu, wadda ita ce ke kashe kaya a nan. Robar hura iska da ƙyallen goge gilashi su zauna a jaka kullum, a fara hurawa kafin a goge, domin goge ƙura da bakin riga karce gilashi ne. Filta mai kare gaban lensi lamba 49mm ce ga 50mm STM, 58mm ga 18-55mm. Lokacin canza lensi a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa, a juya wa iska baya. A zafin Maris da Afrilu kada a bar ta cikin mota a rufe, da damina kuma a jefa ƙullin silika mai tsotse danshi biyu ko uku cikin jakar saboda fumfuna. Ƙafar kyamara mai uku ba ta cikin abin gaggawa sai ga mai bidiyo ko hoton dare, kuma mara nauyin nan ta roba iska kaɗan ke kifar da ita da kyamarar gaba ɗaya.