Jinga da kaya ko kuɗin hannu: wa za ki ba gyaran gidanki na Yamai?

Hajiya, ga yadda muka fahimci tambayarki. Gida ne na laka da aka shafe da siminti a unguwar Talladje, ɗaki uku da falo. Kina son a fasa bangon da ke tsakanin falo da ɗaki ɗaya, a fitar da makewayi na ciki, a sa karo, wato tayil, a sauya kwanon rufi. Mutum biyu sun zo sun duba. Na farko mai kamfani ne, ya ce a ba shi jinga gaba ɗaya, kaya da aiki duk nasa. Na biyu magini ne da yaransa, kuɗin hannu kawai zai karɓa, kaya ke za ki saya. Kuɗin na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kin kuma ce kina aiki, in kin fita da safe sai la'asar.

Tun farko, kuɗin nan biyu ba a mudu ɗaya aka auna su ba. Na kamfani ya haɗa siminti, ƙarfe, yashi, tsakuwa, dako da ribarsa. Na magini guminsa ne da na lebura kaɗai. Ki sa kowannensu ya rubuto miki lissafin kaya dalla-dalla: buhu nawa, ƙarfe nawa kuma mai lamba nawa, kwano nawa, karo mita nawa. Ki ɗauki takardar magini ki shiga kasuwar Katako ki tambayi farashi a shago uku, ki haɗa da kuɗin dako, sannan ki ɗora kuɗin hannunsa. A nan ne za ki ga tazarar gaskiya, kuma sau da yawa ba ta kai yadda ake zato ba. Ke ma kina iya duba lissafin da kanki. Bango na mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana cin bulo 12 zuwa 13 masu kaurin santimita 15. Kankaren ginshiƙi yana cin buhu 7 na kilo 50 a kowane mita kubik, wato kowane buhu baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Karo kuwa ana ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗaki saboda yanka da fashewa. Takardar da aka rubuta "gyaran makewayi" aka sa kuɗi dunƙule a gabanta, ki mayar wa mai ita.

Kowace hanya da inda take yoyo. Wanda ya karɓi jinga da kaya, duk buhun da bai shiga bango ba ya shiga aljihunsa. Don haka ha'incinsa a cikin kaya yake ɓoyewa, inda ido ba ya kaiwa in an shafe. Buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulo 30 zuwa 35 sai a buga 45 ko 50 da shi. Irin wannan bulon farce yana kankare shi, in an sake shi daga tsayin ƙugu ya dagargaje. Ƙarfe ma akwai ramamme da ake sayarwa da sunan cikakke. Sanda mai mita 12 ta lamba 10, wato mai kaurin milimita 10, nauyinta kusan kilo 7,4 ne, ta 8 kusan kilo 4,7, ta 12 kusan kilo 10,7. Sikeli ba ya jin kunyar kowa, a ɗora sanda ɗaya a gani. Siminti kuma a rubuta ko mai lamba 32,5 ne ko 42,5, wato lambar ƙarfinsa, na masana'antar Malbaza ko na wani wuri, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. A watan Oktoba na 2024, bayan ɓarnar ambaliya, gwamnati ta sauke farashin mai lamba 32,5, saboda haka ki tambayi farashin yau kafin ki yarda da abin da aka rubuto miki.

Mai kuɗin hannu ba ya samun komai in ya rage siminti, wannan alheri ne gare ki. Amma kuma ba kuɗinsa ne ke zubewa ba. Zai kwaɓa da yawa ya bar saura ya bushe a ƙasa, zai yanka karo ba lissafi, kuma buhu yana iya fita ta ƙofa da tsakar rana in ba mai ƙirga. Maganinsa ɗaki mai kwaɗo, mabuɗi a hannun mutumin gida, kowace safiya a fitar da na ranar, da yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage. A jera siminti a kan katako, nesa da bango, kuma kada a sayi na wata uku a lokaci guda, danshi yana mayar da shi dutse. Akwai wani abu da mutane ba sa hangowa sai ya faru: in karo ya tashi ko bango ya tsage, magini zai ce kayan da kika sayo ne ba su da kyau, mai shago ya ce hannun magini ne. A jinga da kaya wuya ɗaya ne ke ɗauke da laifin duka. Wannan shi ne ainihin abin da kike saye da ƙarin kuɗin kamfani.

Wajen bincike, kamfani ki nemi lambar rajistarsa ta kasuwanci, RCCM, da ta haraji, NIF, ki je ki ga ofishin da idonki. Sai dai takarda ba ta jera bulo. Ki tambaye shi wa zai tsaya a kan aikin kullum, ki gana da mutumin, domin kamfanoni da yawa suna karɓar jinga su miƙa wa magini irin na biyun nan naki, su riƙe abin da ke tsakani. Magini kuwa takardunsa su ne mutane: ki san gidansa, ki san wanda ya tsaya masa, ki san aiki nawa ne a hannunsa yanzu. Wanda ke riƙe da wuri uku, da kuɗinki zai toshe ramin wani.

Su biyun duka, kada hoton waya ya ishe ki. Sabon fenti yana rufe komai. Ki ce kowanne ya nuna miki gidan da ya gyara wanda ya sha damina biyu, ki koma ba tare da shi ba ki gaisa da masu gidan. Ki dubi kusurwar ƙofa da taga ko akwai tsaga da ta tashi a karkace, ki dubi gindin bango ko shafe yana kumbura, ki ɗaga kai ki nemi tabon ruwa a silin, ki ƙwanƙwasa karo da mabuɗi. Wanda ya yi ƙarar kwano babu siminti a ƙarƙashinsa. Ki tambaye su ko ya gama a kan lokaci, ko ya nemi ƙari a tsakiya, ko ya dawo da aka kira shi. Ki leƙa kuma inda yake aiki yanzu. Lebura da ba a biya ba ba ya ɓoye ɓacin ransa.

Fasa bangon nan shi ne wurin da ya fi damun mu, domin a nan ba kuɗi kaɗai ake asara ba. A gidan laka, bangon tsakiya galibi shi ke ɗauke da ƙarafa ko katakon rufi. Ki yi wa kowannensu tambaya ɗaya a keɓe: yaya za ka yi? Amsar da ta dace ita ce zai fara duba abin da ke kwance a kan bangon, ya tokare rufin ta ɓangare biyu kafin guduma ta taɓa shi, ya haƙa ya zuba ginshiƙin kankare a kowane gefe da nasa tushen, ƙarfe huɗu na 10 da zobba na 6 kowane santimita 15, sannan ya ɗora linto a kansu, wato kankaren da ke kwance a saman wurin da aka fasa. Laka ba ta riƙe nauyin da aka tara mata a wuri ɗaya, murƙushewa take a hankali. Kankare ya rufe ƙarfe da santimita 2,5 zuwa 3 don kada tsatsa ta ci shi, a shayar da shi safe da yamma kwana 7, kada a cire tokarar ƙarƙashin linto kafin kwana 21. Faɗin wurin da aka fasa shi ke nuna kaurin linto da yawan ƙarfensa, kuma wannan lissafi ne, ba kintace ba. Ki ɗauki wani masanin gini wanda ba ya cin abinci da ɗayansu, ki biya shi zuwa uku: kafin a fasa, ranar da aka ɗaure ƙarfe ba a zuba kankare ba, da ranar karɓar aiki. Wanda ya amsa miki da "kada ki damu, Hajiya, mun saba", ba ki ji amsa ba tukuna.

Makewayi a cikin gidan laka, bangonsa na bulo ne, ba laka da aka liƙa wa karo ba. Tiyon bayan gida mai milimita 100, gangara santimita 2 a kowace mita. A buɗe ruwa a gwada duk mahaɗa kafin a rufe, a toshe magudana a cika daɓen da ruwa ya kwana ya yini kafin a sa karo, ramin ruwa kuma a nesanta shi da gindin bango gwargwadon yadda fili ya bari. Inda za a sake shafe laka da siminti sai an kafa raga da ƙusoshi, in ba haka ba faifai-faifai zai ɓamɓaro. Wayar wuta 1,5 ta fitila ce, 2,5 ta wurin jona kaya, na'urar sanyaya ɗaki kuma layinta daban. In kin bi hanyar kuɗin hannu, ke ce za ki jera mai famfo, mai lantarki, magini da mai karo kowa a ranarsa. In suka saɓa, sabon shafe za a sare a binne tiyo.

Rufi a sauya shi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kankare yana bushewa kafin ya yi ƙarfi, kuma iskar farkon damina ta Yamai ta saba kwashe kwano. A rubuta kaurin kwanon, a ɗaure katakon rufi da ƙarfe na 6 cikin ɗaurin kankaren saman bango, ba a danne shi da bulo ba.

Biya kuwa, kada kuɗi su riga aiki. Kamfani kafin alƙalami kada ya wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100, saura mataki-mataki bayan an duba, ki riƙe kashi 5 zuwa 10 har ruwan farko ya sauka a kan rufin. Magini ɗan abin fara aiki ya isa, kuma ku yi jingar kowane sashe, ban da biyan yini, wanda ke mayar da aikin mako biyu na wata. A rubuta yarjejeniya da ranar gamawa, shaidu biyu, kwafin katin shaidarsa, a kai a buga mata hatimi a ofishin magajin gari ko na ƴan sanda. Duk canjin da ya zo a tsakiya a rubuta kuɗinsa kafin a taɓa shi. In ta Nita ko Amana kika tura kuɗi, ki adana rasit.

Da kina wuni a gida, ko kina da ɗan'uwa amintacce da zai zauna a wurin daga safe zuwa tashi, da mun ce ki ɗauki maginin, in ya amsa tambayar bango daidai. Tunda sai la'asar kike dawowa, ki raba aikin. Bango, makewayi da rufi ki ba kamfanin, bisa takarda mai lissafin kaya da idon masanin da kika ɗauka. Karo da fenti ki ba maginin a kan kuɗin hannu: kaya ne da za ki zaɓa da kanki ranar Asabar, kwali ne da bokiti masu ƙirguwa, kuma aikin yini guda kina iya duba shi da mabuɗi in kin dawo. Ki sayi karon duka a rana ɗaya daga tari ɗaya don kada launi ya bambanta, fenti kuma ya jira sabon shafe ya yi mako uku zuwa huɗu.