Wane ƙamus za ka saya idan asalin kalmomin Turanci kake nema?

Yawancin masu zuwa sayen ƙamus cewa kawai suke yi, "Malam, a ba ni Oxford." Mai kanti kuwa sai ya miƙo wanda ya fi fita a kasuwa. Nan ake fara samun matsala, domin maɗaba'ar Jami'ar Oxford tana da ƙamusoshi iri-iri masu kama da juna a suna, aikinsu kuma ba ɗaya ba. Ƙamus da zai koya maka yadda ake amfani da kalma a yau daban, wanda zai gaya maka daga ina kalmar ta fito daban. Ka tsayar da abin da kake so tun kafin ka zaro kuɗinka.

Wanda mai kanti zai fi saurin miƙo maka shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary. Wani malami mai suna A. S. Hornby ne ya tsara shi, bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, Oxford kuma ta buga shi a 1948. An yi shi ne domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne: bayani da sauƙaƙan kalmomi, misalan jimloli masu yawa, da yadda ake furuci. Ɗan sakandare mai shirin jarrabawa wannan ya kamata a saya masa, ko kuma takwaransa na Longman da ya fara fitowa a 1978. Amma tarihin kalma ba shi ne damuwarsu ba. Idan asali kake bi, za ka yi ta buɗe shafuka kana komawa hannu rabbana.

A can ƙololuwa akwai Oxford English Dictionary. An kammala bugunsa na farko a 1928, bayan editansa James Murray da mataimakansa sun shafe shekaru masu yawa suna tattara misalai daga rubuce-rubuce, Murray kuwa ya rasu tun 1915 bai ga ƙarshen aikin ba. Bugu na biyu na 1989 juzu'i 20 ne. Kowace kalma ana bin ta tun daga wurin da aka fara ganin ta a rubuce, ana jera ma'anoninta da shekarunsu. Yanzu a intanet ake sabunta shi, har kalmar Kannywood ta shiga cikinsa a Janairun 2020 tare da wasu kalmomin Turancin Najeriya irin su okada da danfo. Sai dai kuɗin shiga ake biya. Wannan aikin ɗakin karatu na jami'a ne, ban ga dalilin da zai sa mutum ɗaya ya ɗora wa kansa nauyinsa ba, sai fa mai bincike mai zurfi. Ka kuma lura, akwai wani mai juzu'i ɗaya da ake kira Oxford Dictionary of English. Sunan ne kawai ya yi kama.

Tsakanin na Hornby da Oxford English Dictionary ne mai saye ya kamata ya tsaya ya yi nazari. Concise Oxford, wanda aka fara bugawa a 1911, yana ba da ma'anar yau sannan ya sa asalin kalmar a taƙaice a ƙarshen bayani. Merriam-Webster's Collegiate na Amurka ya ɗara shi a abu ɗaya, wato yana nuna shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce. Amma abu biyu za ka kiyaye. Rubutunsa na Amurkawa ne, alhali makarantunmu salon Ingila suke bi. Sannan ya saba jera ma'anoni daga mafi tsufa zuwa sabuwa, saboda haka ta farko da ka gani ba lallai ita ce ake nufi a yau ba. Yaro da bai san wannan ba zai iya ɗaukar tsohuwar ma'ana ya kai wa malaminsa.

Akwai kuma waɗanda asali kaɗai suka sa gaba. Na C. T. Onions, Oxford Dictionary of English Etymology na 1966, amintacce ne ƙwarai, sai dai cike yake da gajerce-gajercen haruffa na Latin da tsohon Faransanci da tsohon Turanci, sai ka yi haƙurin koyon su tukuna. Chambers Dictionary of Etymology ya fi daɗin karatu, don cikakkun jimloli yake yi. A waya kuma akwai shafin intanet na Etymonline, wanda Douglas Harper ya tattara daga irin waɗannan littattafai, kyauta ne.

Ga gwajin da nake so kowa ya yi a gaban mai kanti. Buɗe kalmar nice. Ƙamus mai kula da asali zai nuna maka cewa daga Latin ta taho ta hanyar Faransanci, kuma da can wawa ko jahili take nufi, kafin ta rikiɗe ta zama yabo. Sai ka duba magazine. Ya kamata ka ga Larabci, makhazin, wato rumbunan ajiya, ta bi ta Italiyanci da Faransanci. Wata mujalla da aka fara bugawa a Landan a 1731 ce ta ɗauki sunan a matsayin rumbun labarai, shi ya sa har yau kalma ɗaya ke nufin mujalla da kuma gidan harsashin bindiga. Duk wanda ya yi karatun allo zai ji daɗin wannan fage, domin sugar da cotton da algebra duk sun bi ta Larabci. Ƙamus da ya yi shiru a kan waɗannan, mayar wa mai shi.

Ni dai shawarata, babba mai son sanin tushe ya sayi Concise Oxford ya haɗa da Etymonline a wayarsa. Malamin Turanci ya ƙara da Chambers idan ya samu, ko da na hannu ne, tunda asalin kalma ba ya tsufa kamar yadda ma'ana ke sauyawa. Kafin ka biya, ka duba shafin farko ka ga bugu na nawa ne, ka ɗaga takarda ɗaya ga haske, ka bi lambobin shafuka ta tsakiya. Jabun bugu ya yi yawa a kasuwa, ana gane shi da tawada mai dishi-dishi, da shafukan da aka tsallake, da ɗinkin da ke ɓallewa da zarar an buɗe littafin sosai.