ShellCheck, manhajar da ta kama min kuskure a layi na 14

Wallahi da tun farko na san da ShellCheck, manhajar da ke duba kurakurai a sikirif, da ban ɓata dare guda ina neman abin da ya hana sikirif ɗina na bash (jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta mai Linux ta bi) aiki ba. Ɗan abu ne na rubuta da zai riƙa kwafe hotuna zuwa filashi, ashe folda ɗaya sunanta "Bikin Sallah", da sarari a tsakiya, ni kuma na rubuta umarnin kwafewa, cp -r $folda, ba alamar zance, sai bash ya ɗauke ta abu biyu, Bikin daban Sallah daban. Ina saka shi a ShellCheck nan take ya nuna min layin, da lambar gargaɗi SC2086, wai in sa "$folda". Shi ke nan fa.

Kyauta ne, Vidar Holen ne ya rubuta shi da yaren kwamfuta na Haskell, a nau'in Linux na Ubuntu ko Debian sudo apt install shellcheck kawai za ka buga. Har cd ɗin, umarnin shiga folda, da ban bi shi da || exit ba (wato sikirif ya tsaya in shigar ta gagara) sai da ya yi min magana.

Inda ya ɗan gundure ni shi ne surutu, wani gargaɗin ba ka buƙatarsa, sai ka rufe masa baki da # shellcheck disable. Kuma 'yan zsh, wani takwaran bash, ku haƙura, ba ya duba naku.