Inkscape a hannun mai zane a Agege: layin haɗi da aikin gaɓoɓi

Ina da ɗan shagon zane a Agege, kuma yawancin aikin da 'yan uwanmu Hausawa ke kawo mini shi ne tambarin shago, katin ɗaurin aure da kalandar ƙungiya. A 'yan watannin nan da manhajar zane ta Inkscape nake yin su. Kyauta ce, ba kuɗin wata-wata kamar Adobe Illustrator, kuma tana tashi a tsohuwar kwamfutar da na saya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Tun 2003 ake gina ta, sigar 1.0 ta fito a 2020.

Aikin da ya sa na san ta sosai shi ne jadawalin shugabancin wata ƙungiyar 'yan kayan gwari da ke Mile 12: shugaba, mataimaka, ma'aji, sakatare, har wakilan rumfuna. Irin wannan aiki ba ya zama wuri ɗaya. Yau Alhaji zai bugo ya ce, "Malam, a ɗaga wane sama," gobe a ƙara mutum biyu. A nan layin haɗi ya yi mini rana. Ka danna O, ka ja daga akwati zuwa akwati, shi ke nan sun ƙullu. Duk inda ka matsar da akwatin, layin na biye da shi. Kana iya sa layi ya riƙa karyewa a kusurwa madaidaiciya, kana kuma iya zaɓar wani akwati ka ce layuka su kewaye shi, kada su ratsa kan sunan mutum. Wannan kewayewar ta burge ni ƙwarai.

Sai dai layin daga tsakiyar akwati yake lissafin kansa, ba ya ba ka zaɓin ya fito ta ƙasa ko ta gefe. A jadawalin shugabanci kuwa wurin fitowar layi magana ce babba, domin shi ke nuna wa ke ƙarƙashin wa. Saboda haka da layin haɗi nake tsara aiki muddin ana ta canje-canje. Idan magana ta zauna, sai in danna B in ɗauki alƙalamin manhajar, in riƙe Ctrl don layi ya miƙe, in sake zana waɗanda ba su kwanta mini ba.

Inda manhajar ta fi ƙarfi a ganina shi ne gyaran gaɓoɓin zane, wato ɗigogin da ke riƙe da siffar layi. Danna N, kowane lanƙwasa ya fito da hannuwansa biyu, ka ja su kamar linzami har siffa ta zauna. Lissafin da ke bayan wannan lanƙwasa sunan Pierre Bézier yake ɗauke da shi, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa. Idan aka turo mini tsohon tambari ta WhatsApp duk ya dushe, Shift+Alt+B na mayar da hoton ya zama zanen layuka da za a iya gyarawa, amma da tarin gaɓoɓi fiye da kima. Ctrl+L na rage su. A yi hattara, in aka yawaita danna shi kusurwoyi na narkewa, gara sau ɗaya sannan a gyara sauran da hannu. Sigar 1.3 ta 2023 ta kawo kayan haɗa siffofi da yanke su da linzamin kwamfuta kawai, ya sauƙaƙa mini zanen dagin Arewa, mai layukan da ke shiga juna.

Maganar ɗab'i dole in faɗe ta. Yawancin masu buga takardu a Shomolu da manhajar CorelDRAW suke aiki, kuma injinansu tsarin launin tawada na CMYK suke so, Inkscape kuwa da RGB, tsarin launin allon kwamfuta, take fitar da PDF. Don haka nakan nemi a buga gwaji ɗaya kafin a saki inji, musamman in akwai kore ko shuɗi mai haske. Sannan kafin in tura, ina mayar da duk rubutu zane da Shift+Ctrl+C. Idan ba haka ba, kwamfutar da ba ta da irin rubutunka za ta iya mayar da ƙ, ɗ da ɓ akwatuna, sunan bawan Allah ya lalace a kalandar da za a rataya shekara guda. Ka dai ajiye kwafin asali daban, don rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa da madannai.